Gyara da Lallaɓawa: Maganar Ƙaramar Mota Tsakanin Gidan Rumji da Gazawa

Malaman nahawu, tun daga mai Ajuruma, mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, har zuwa malaman zaure da ke biya wa ɗalibai littafinsa yau a Tsibiri da Agiye, sun kasa magana kashi uku, ismi da fi'ili da harafi. Kuma duk wanda ya zauna a inuwar da makanikai ke aiki, a bakin babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri, ta goga Maraɗi, ta wuce Cadawa da Agiye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, ya kasa kunne ga abin da ake faɗi a kan ƙananan motoci, lalle zai tarar da wani al'amari game da kashi biyu na farko, shi ne cewa sunayen kusan dukkansu baƙi ne, alhali kuwa fi'ilan 'yan gida ne gaba da baya.

Batun sunaye ba ya bukatar dogon sharhi. Ɗan ƙarfen nan da ke ba da tartsatsi a cikin inji, wanda ya koyi aiki a Maraɗi ya ce masa buji, wanda ya koya a Katsina ko Kano ya ce fulogi. Wannan ya ce isansi, wancan ya ce fetur. Wannan ya nemi farmi, wancan ya nemi lasin. Kuma da yake kayan gyara suna shigowa ta fuska biyu, wasu daga bakin teku, wasu daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, yaron gareji a Gazawa yakan tashi da sunaye biyu ga kowane ƙarfe, ya yi amfani da wanda ya fi kusa da bakinsa. Laƙabai ne da Faransa da Ingila suka bar mana tare da ƙarafan, kuma ba su ɗauke da wata hikima wadda ta wuce nuni.

Fi'ili shi ne inda Bahaushe ya saki jiki. Mota tana tashi, tana mutuwa, tana ƙin tashi da sassafe; tana shan mai, tana cin taya, tana tari, tana kuka, tana ɗaukar zafi, tana gajiya a kan tudu, tana kwanciya wata da watanni a ƙofar gida; in an daɗe ba a ga mutum da ita ba sai a tambaye shi lafiyarta, shi kuwa ya amsa da cewa da sauƙi, ba tare da ɗayansu ya ji ya faɗi abin dariya ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi da aka ƙaga domin mota, gama harshen ya riga ya tanade su tun zamanin da abin hawa yake nufin doki da raƙumi da jaki, kuma ƙasar da Gobirawa suka kafa Tsibiri a cikinta bayan yaƙin Gawakuke na 1836 ƙasar mahaya ce, wadda ta san ciwon dabba da kiwonta da ladabin ɗaura mata sirdi tun kafin a ji ƙarar inji a Gulbin Maraɗi. Da ƙarfe ya zo yana tafiya da kansa, sai aka shigar da shi a turken da ke nan, aka kira shi abin hawa, aka ci gaba da magana. Ba wanda ke ƙudurta cewa mota tana da ruhi, majazi ne kowa ya sani. Sai dai majazi ba ya zuwa hannu rabbana, domin idan al'umma ta ari kalmomin wani abu ta ɗora wa wani, takan aro har da hukuncin da ke rataye da kalmomin, ko ta lura ko ba ta lura ba.

Hukuncin kuwa sananne ne ga duk wanda ya yi nisa a fiƙihun Malikiyya. A babin nafaƙa na Muhtasar, Shehu Halilu ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, ya hana a ɗora mata abin da ba ta iyawa, har ya kai ga cewa wanda ya gaza a sayar da ita. Ba ina cewa ƙarfe yana da haƙƙi a shari'a irin na mai rai ba ne, haƙƙin na mutanen da ke shiga cikinta ne da waɗanda take wucewa a hanya. Amma harshe ya riga ya yi fatawarsa a cikin 'yar kalmar nan da muke sa wa a gaba, wato "mai". Mukan ce mai gida da mai gona da mai doki, mukan kuma ce mai ciwo da mai bashi da mai jego, kalma ɗaya ga wanda ya riƙe abu da wanda abu ya riƙe shi. Malamin makaranta a Cadakori, ko majo na gidan likita a Gangara, ko ɗan kasuwar aya a Cadawa, ranar da aka fara kiransa mai mota yakan ji ma'anar farko kaɗai, ya yi murna, a zo a taya shi addu'a. Ma'ana ta biyu takan iso daga baya, wajen wata na uku ko na huɗu, sa'ad da juyen baƙin mai da inshora da tayoyi biyu suka haɗu a kan albashi ɗaya.

Sa'an nan akwai kalmar "sabuwa", wadda ta sha wuya a bakinmu. Akan ce wane ya yi sabuwar mota, alhali motar ta girme ɗansa na fari. Tsohuwar Toyota Starlet, wadda ta yi suna a aikin tasi a biranen Nijar, an daina ƙera ta tun 1999, saboda haka autar cikinsu ta haura shekara 25. Corolla da Golf da ke biye mata galibi sun gama rayuwa guda cur a Turai kafin a loda su a jirgin ruwa. Peugeot 504 kuwa, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika ƙasar Hausa da ita, ta zama kaka a tasha. Shekaru da yawa tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce ƙofar waɗannan motoci, har sunan garin ya koma sifa, a ce 'yar Kwatano ana nufin wadda aka yi aiki da ita a waje amma ba a taɓa hawanta a nan ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi nisa, farashi ya hau. Kuma sakamakon wannan a Agiye da Gidan Rumji shi ne cewa motar da ke hannu ta ƙara daraja, wanda a da zai sayar ya sake wata yanzu dole ya zauna ya koyi riƙo.

Sabunta ke nan ta koma nisba ga mai saye, ba sifa ga abin sayarwa ba, kuma a cikin wannan rata ne algus ke samun wurin zama. Fuƙaha'u sun yi magana a kan musarratu, wato dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki domin hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, suka kira wannan tadlisi, suka ba wanda aka ruɗa zaɓin mayarwa. Kuma ban ga bambanci ba tsakanin wannan da mayar da agogon kilomita baya, ko zuba baƙin mai mai kauri domin a danne ƙarar inji, ko ɗumama mota tun kafin mai saye ya iso domin kada ya ga yadda take fama da tashi. Shi ya sa masu basira ba su duba mota sai da asuba, injinta a sanyaye. Sukan tsaya a baya su kalli hayaƙi, domin shuɗi yana cewa inji na ƙona baƙin mai, baƙi yana cewa fetur ya yi wa iska yawa, fari mai kauri wanda ba ya yankewa yana cewa ruwa ya sami hanya zuwa inda wuta take. Sukan buɗe murfin baƙin mai su ga ko ya yi kumfa fari-fari. Sukan duƙa su karanta lambobi huɗu da ke jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, gama taya tana iya zama da zanenta cif alhali robar ta tsufa ta bushe.

Ƙasar kanta tana da nata hisabi da ƙaramar mota. Kwaltar zare guda ce, kimanin kilomita 80 daga Maraɗi zuwa Agiye, hamsin da 'yan kai daga Maraɗi zuwa Gidan Rumji, kuma da zarar mutum ya sauka daga kanta ya nufi Gidan Sori ko Sae Sabuwa ko ƙauyukan da ke cikin gawo a arewacin Agiye, to ya shiga hukuncin jigawa, inda rairayi ke kama cikin motar da aka ƙera ta ƙasa-ƙasa domin titunan Japan da Jamus. Yawancin waɗannan motoci da ƙafafun gaba suke ja, kuma a gaɓar kowace ƙafa akwai 'yar roba da ke riƙe da giris. In ta yage yashi ya shiga, ba a jimawa sai a fara jin ƙas-ƙas duk lokacin da aka karya kwana. Hunturu yana toshe matatar iska da ƙura. Bazara, sa'ad da zafin Afrilu ke haura digiri 40, tana gwada lagireto. Damina tana cika Gulbin Maraɗi, ta jiƙa kwarin Gulbin Kaba, ta mai da hanyar jiya taɓo. Ruwan rijiya da ake ɗurawa a lagireto yana barin farin dutse a cikin bututu a hankali, shekara bisa shekara. A kan wannan duka sai mu ƙara namu, mu ɗora wa motar mutum biyar mutum takwas da buhunan aya da wake ranar kasuwa, har sifirin ya miƙe, sa'an nan mu ce ba ta da ƙwari.

Man da take sha ma yana da tarihi. Matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram ta fara aiki a Nuwamba 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a yini, amma duk da haka shekaru da yawa man da ke tsallakowa daga Nijeriya, wanda ake jerawa a kwalabe a bakin hanya ana kiransa ruwa-ruwa, shi ne abincin ƙananan motoci da babura a duk yankin nan, saboda ya fi araha kuma yana nan a inda babu gidan mai. Da aka cire tallafi a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023 sai lissafi ya juya. Gwamnatin Nijar ta sauke lita daga sefa 540 zuwa 499 a Yuli 2024, jama'a suka koma gidajen mai, har aka yi fama da layi a Maris 2025. Man kwalba bai ƙare ba, kuma ba zai ƙare ba muddin ƙauye na nesa da famfo. Abin da ya kamata a sani game da shi kaɗan ne: ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yakan kwanta a gindin duro da jarka, wanda aka ɗura wa na ƙarshe shi ke kwasa, kuma famfon da ke cikin tankin motocin zamani da man yake sanyaya jikinsa, don haka al'adar zuba lita biyu-biyu, wadda talauci ya koya mana, tana gajarta masa kwana.

Yanzu mun iso inda na fi son tsayawa, wato ranar da mota ta ƙi. A nan akwai kalmomi uku da muke cakuɗawa a magana ta yau da kullum, alhali malaman usulu sun raba su tun da daɗewa: alama, da sababi, da illa. Alama ita ce abin da ido ya gani ko kunne ya ji, kamar allurar zafi ta haura ko inji ya riƙa yankewa. Sababi shi ne abin da matsalar ta bayyana a lokacinsa, kamar hawan tudu da kaya a tsakiyar rana. Illa kuwa ita ce ainihin abin da in ya kasance matsala ta kasance, in ya gushe ta gushe. A cikin hanyoyin da usuliyyai suka shimfiɗa domin gano illar hukunci akwai wadda suke kira sabru da taƙsimi, ma'ana mujtahidi ya tattaro duk sifofin da za su iya zama illa, ya jera su, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, yana zubar da wadda ba ta tsaya ba, har ya rage guda. Makanike na ƙwarai, ko da bai taɓa buɗe littafin usulu na Waraƙatu ba, da wannan minhaji yake aiki, kuma kallonsa yana aiki darasi ne.

Ba ya fara da sifana. Yakan fara da tambaya, yaushe ta fara, da sanyi ko da zafi, ina aka sha mai na ƙarshe, wa ya taɓa ta kafin a kawo. Domin ya san inji mai fetur abu huɗu yake bukata, iska da mai da wuta da matsi, kowanne a kan lokacinsa, kuma duk ƙin tashi a duniya yana komawa ga rashin ɗaya daga cikinsu. Sai ya murɗa makulli ya saurara. In ya ji ƙyas guda sa'an nan shiru, ya kunna fitila ya ga ta dushe, to magana ta koma kan batir ko kawunansa da suka yi tsatsa, kuma ba shi da hujjar taɓa kafireto; in yana da ma'auni zai ga lafiyayyen batir yana ba da bolt 12 da 'yan kai a zaune, ya haura wajen 14 idan inji na aiki, in bai haura ba kuwa laifin na abin da ke cajinsa ne, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon. In kuwa inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, batir ya kuɓuta, sai ya zare buji guda ya jingina shi da ƙarfe ya duba tartsatsi. In akwai, wuta ta kuɓuta, sai ya kasa kunne wajen tanki ya ji ko famfo na gurnani, ya kwance matata ya ga abin da ta tare. Kowane gwaji yana rufe ƙofa guda, kuma ba ya sayen kome sai ƙofa ɗaya ta rage a buɗe. Wanda bai ƙware ba kuwa daga alama yake tsalle zuwa kasuwa, ya sa a sayo buji, ba ta tashi ba a sayo kwayil, ba ta tashi ba a sayo famfo, har Allah ya sa a dace, mai mota ya biya kuɗin ƙarfe uku a kan illa guda.

Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne abin da ake yi wa motar da ke ɗaukar zafi. A mashigar ruwan inji akwai wani ɗan bawul da ke rufe hanya har inji ya ɗumama, sa'an nan ya buɗe. Kuma ya zama kamar sunna a garejinmu, da zarar mota ta sauka daga Turai, a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce wai na ƙasar sanyi ne. Allura takan sauka, kowa ya yi hamdala. Amma illar tana nan inda take, ko lagireto ne ya toshe da dutsen ruwan rijiya, ko murfinsa ya daina riƙe matsi, ko famfon ruwa ya cinye. Abin da aka ƙara kawai shi ne inji ya riƙa daɗewa bai kai zafin aikinsa ba da safiyar hunturu, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin jikinsa. Haka nan motoci masu fetur da aka sayar a Turai daga 2001, waɗanda doka ta sa aka yi musu kafar da ake jona na'ura ta karanto lambar matsala: na'urar alheri ce, amma lambar da take bayarwa alama ce, tana nuna unguwar da za a bincika, ba ta kama ɓarawo. Wanda kuma ya liƙe 'yar fitilar gargaɗi da baƙin salatif domin kada ta dame shi, ya kai matuƙa a wannan mazhaba.

Daga nan ne nake ganin an zalunci kalmar gyara. Kalma ce mai faɗi da mutunci: ana gyaran gona kafin shuka, ana gyaran aure bayan yaji, ana gyaran hali, ana gyara wa almajiri allo, mai awo yakan ƙara wa mai saye gyara, kuma a duk waɗannan ma'anar ɗaya ce, mayar da abu bisa daidai ko cika shi, abin da malamai ke kira islahi. Muna kuma da wata kalma dabam, lallaɓawa, wadda ita ma tana da nata mutunci a muhallinta. Direban da tiyo ya fashe masa da dare tsakanin Gangara da kwalta, ya yanki tsohon tib ya ɗaure, ko ya murza sabulu ya toshe tankin da ke yoyo, ya lallaɓa ta har gari, ya yi hikima, kuma lalura ta halatta masa. Sai dai ƙa'idar fuƙaha'u ita ce lalura ana auna ta da gwargwadonta, ruhusar tafiya tana ƙarewa da isowa gida. Abin da ya same mu shi ne ɗaurin dare guda yakan shekara, wayar da aka sa a gurbin fis takan zauna har ranar da wayoyi suka kama wuta, kuma duk wannan ana kiransa gyara, ana biyan kuɗinsa da sunan gyara, mai mota ya tafi yana ƙudurta cewa illa ta gushe alhali an rufe mata baki ne kawai.

Laifin ba na makanike kaɗai ba ne, kuma zalunci ne a ce haka. Sau da yawa shi ne ke cewa, "Alhaji, wannan fa sai an sauke inji," a amsa masa da, "Haba maigida, a dai taɓa ta ta tashi, gobe kasuwar Cadawa." Mutumin da ke jiran kuɗin aya bai isa ya sauke inji a watan Yuli ba, wannan gaskiya ce. Amma akwai wani aibi a cinikinmu wanda ya fi talauci tasiri, shi ne ba mu biyan kuɗin tunani. In makanike ya yi sa'a biyu yana bincike, ya gano cewa waya guda ce ta saki, ya ɗaure ta cikin minti ɗaya, sai a miƙa masa dala ɗari a ce ai ba wani aiki ya yi ba. In kuwa ya kwance rabin inji ya baza a tabarma ya sayo ƙarafa, sai a ba shi jika goma ana godiya. Mun koya masa da hannunmu cewa basira asara ce, kwance-kwance riba. Shari'a ta san ijara, inda ake biyan aiki sananne da lada sananne, ta kuma san ji'ala, inda ake biya a kan samun biyan bukata; mu kuwa mukan ajiye mota ba mu ambaci ko ɗaya ba, mu ce sai an gama a yi magana, wanda shi ne jahilcin lada da fuƙaha'u suka ce yana ɓata ƙulli, kuma shi ne asalin yawancin husumar da ake yi a bakin gareji.

A ɗaya ɓangaren kuma Malikiyya sun tsananta wa masu sana'a. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta tabbatar da cewa mai sana'a yana lamunin abin da aka bar masa ya ɓuya da shi, saɓanin sauran amintattu, domin maslahar jama'a, tun da mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu. Har wani malamin Maroko, Ibnu Rahhal, wanda ya rasu a 1728, ya keɓe wa mas'alar littafi guda. An yi hukuncin ne domin masaƙa da marina da maƙera, amma ban san wanda ya fi shiga cikinsa yau ba kamar mutumin da ake bar wa mota da makullinta ta kwana a hannunsa, wanda zai iya musanya lafiyayyen ƙarfe da gajiyayye ba mai ganewa sai bayan wata shida. Masu tsoron Allah a cikinsu, kuma suna da yawa, suna da wata al'ada mai kyau, su ajiye tsohon ƙarfen da suka cire su damƙa wa mai mota a hannu, ya gani da idonsa.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi shi ne, a ƙauyen da mota ɗaya ce tak, ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Ita ce ake bugawa ƙofa dominta da tsakar dare idan naƙuda ta yi tsanani ko maciji ya sari yaro, ita ke kai mara lafiya asibitin Agiye ko Gidan Rumji, in abin ya faskara a wuce Maraɗi. Ita ke kai amarya, ita ke ɗauko gawa. Birkin da aka lallaɓa da ruwan sabulu a maimakon mansa, da tayar da ta shekara goma, da fitila guda da ke sa mai tahowa ya zaci babur ne, duk waɗannan mutane ne ke hawa kansu ba da saninsu ba, su da amalanken shanu da ke bin gefen kwalta da magariba.

Saboda haka roƙona ga masu gareji daga Gidan Rumji har Gazawa shi ne, duk motar da za ta fita daga hannunku ku faɗa wa mai ita da baki wanne kuka yi, gyara ko lallaɓawa, in lallaɓawa ce ku gaya masa iyakar inda za ta kai shi. Ku kuma masu motoci, ku yanke lada tun kafin a buɗe bonet, ku ware wa bincike nasa kuɗi dabam ko da ba a canja ƙarfe ko ɗaya ba, kuma ku karɓi tsohon ƙarfenku kafin ku karɓi makulli.